Ƙulin Kare da Takardar Arzika

Ran Juma'ar da ta wuce jikata Hadiza ta zo gida ita da wata ƙawarta, suka same ni a zaure. Wai za su fara sana'ar yi wa kyanwoyi da karnukan masu hali abin taunawa, su riƙa tallarsa a waya. Na tambaye su yadda za su yi. Hadiza ta ce, "Tsoho, ai ba wani aiki ba ne. Nama ne a busar, a zuba a leda mai kyau." Ƙawar ta ƙara da cewa za su ɗan sa kayan ƙamshi don nasu ya fi na kowa. Na so in yi magana, amma ni tun ina yaro alƙalamina ya fi bakina kaifi. Na ce su dawo bayan mako guda. Ga abin da na rubuta musu.

Gidanmu gidan rundawa ne, wato mahauta. Bayan rasuwar mahaifina, ƙanin mahaifiyata, Kawu Nomau, shi ya riƙe ni. Mai kilishi ne, kuma a shiyyarmu ba a haɗa kilishinsa da na kowa. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya mai da ni barunje, abin ya ƙi. Hannuna bai da laifi, ina iya fere nama har a hango rana ta cikinsa. Amma in aka zaunar da ni gaban faifai mai saye ya zo, sai in sunkuyar da kai, ya tambayi farashi sau biyu, ya gaji ya wuce. Kawu yakan ce, "Wanga ba barunje ba na. Ku bar shi da takardunai." Haka aka bar ni a makarantar boko, in an tashi in dawo in taya shi shanya.

A makarantar akwai wani akwati na tsofaffin littattafai da Turawa ke bari in za su tafi. Ba mai taɓa su sai ni da gara. A ciki na tsinci wani na koyar da aikin gida, bangonsa ya cire. Can wajen ƙarshe na ga shafi guda a kan yadda ake toya wa kare biskit. Na karanta shi ya fi sau goma. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a ce akwai ƙasar da mutum zai hura wuta musamman domin kare. Karnukan da na sani na mafarauta ne da na bola, kuma ba wanda ke tambayar su abin da suke so.

Ana nan sai ga Arzika. Mutumin Wamakko ne, kukun wani Baturen aikin hanya da ake kira Mai Lofe, kuma kullum da safe wurin Kawu yake sayen nama. Ran nan ya zo yana mita. Uwargidan Mai Lofe tana da wata 'yar karya, gajera mai dogayen kunnuwa, sunanta Sandi. Biskit ɗinta a gwangwani yake zuwa, daga jirgin ruwa zuwa jirgin ƙasa zuwa mota, kuma wannan karon ya iso duk ƙwari sun cinye shi.

Ya ce, "Kwana ukku ke nan Uwargida ba ta yi dariya ba. Ni da anka ɗauka dahuwar mutane, yau ga ni ina bi ma karya lallashi."

Ina gefe ina jera nama a kan asabari. Ban san lokacin da na ce, "Ina iya yi mata," ba. Su biyun suka juyo suna dubana, don ba su saba jin muryata ba.

Kafin in taɓa komai sai da na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa, na tambaye shi hukuncin abin. Ya ce, "Kare za ka sayar ko abinci?" Na ce abinci. Ya ce, "To ciyar da dabba ba laifi ba ne. Ka dai tsare tsarkinka, kuma kada ka cuce ta don ba ta da bakin kai ƙara."

Aikin farko ya lalace. Littafin ya ce garin alkama da tanda irin ta Turawa, ni kuwa gero gare ni da tukubar Kawu. Na tafasa hanta da huhu, na daka a turmi, na haɗa da garin gero, na mulmula manya-manya. Bayansu ya bushe, cikinsu bai bushe ba, kwana biyu suka yi funfuna. Na biyu na cika wuta, suka zama gawayi. Sai a na huɗu na gane kansa: huhu kashi biyu, hanta kashi ɗaya, don hanta in ta yi yawa tana sa kare zawo. Gero a surfe shi a niƙa da laushi. Ƙwai guda ya riƙe haɗin. A murza shi siriri kamar ɗan yatsa, a gasa a gefen tukuba inda wuta ba ta kai sosai, sannan a shanya kwana biyu a kan asabari, a rufe da gidan sauro saboda ƙuda. Gwajinsa shi ne a karya kusa da kunne. In ya yi ƙara, ya yi. In ya lanƙwashe, a mai da shi rana. Ba gishiri, ba yaji, ba komai. Da matan gidanmu suka ga siffarsa sai suka sa masa suna ƙulin kare, sunan kuma ya bi shi har Bariki.

Kayan aikina ba su da yawa: wuƙa guda, turmi da taɓarya, asabari biyu, tsofaffin gwangwanayen biskit da Arzika ke tara mini, sai littafin rubutu. Littafin nan shi ne rabin sana'ar. Duk haɗin da na yi ina rubuta ranarsa, da irin naman, da gidan da aka kai shi. In kuku ya zo karɓa sai in tambaye shi: ya ci? Ya bari? Yaya kashinsa? Suna yi mini dariya, suna cewa ga malamin kashin karnuka. Amma da haka na san karen gidan likita ba ya son saifa, na gidan joji haƙoransa sun tsufa sai an jiƙa masa, kyanwar wani Kwara, Balarabe mai kanti, kuwa ba ta cin na saniya sai na rago. Cikin shekara biyu ina kai wa gida tara. Ban taɓa shiga ɗaya daga cikinsu ba. Iyakata ƙofar kicin.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa Kawu a rai. Yakan ɗauki ƙulin ya shinshina, ya yamutsa fuska.

"Ladan, wanga abu tsirara ya ke. Nama ya hita gidan Nomau ba albasa, ba citta? Mi mutane za su ce?"

"Kawu, ai na kare ne."

"Ko na jaki na. Sunan gidanmu ya ka tahiya da shi."

A wurinsa, ba wa mutum nama ba haɗi raini ne, kamar ka tarbi baƙo ba riga. Ban iya gardama ba, sai in ci gaba da abin da littafin Turawan ya ce. Ni kaina a lokacin ban san dalilin da ya sa ba a sa komai ba. Na ɗauka rashin iya girki ne irin na Turawa.

A shekarar da za a ba da mulkin kai, da bazara, aka tsare mu a makaranta kwana goma don shirin jarrabawa. Na bar wa gidaje takwas abin da zai ishe su. Na Sandi ne kaɗai bai samu ba, na roƙi Kawu ya yi mata, na auna masa komai, ya ce in tafi ba komai.

Ranar da na dawo na tarar da Arzika zaune a zaurenmu da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana gaban murhu. Ba farar rigar aiki a jikinsa.

Ya ce, "An kore ni, Malam Ladan."

Sandi ce ba lafiya. Ta kwanta, ba ta iya hawa matakala, dasashinta ya yi fari fat, fitsarinta ya koma ja kamar zoɓo. Likitan dabbobi ya zaci ciwon kaska ne, ya duba jininta bai ga komai ba, sai ya ce wani abu ta ci. Uwargida kuwa ta taɓa ganin Arzika ya kori karyar da tsintsiya ran da ta sa baki a butarsa ta alwala. Ta haɗa wannan da wancan, ta ce shi ya ba ta guba.

Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin abin ba sai na bayyana. Kuku a wancan zamani da takardar shaida yake rayuwa. In ubangidansa zai tafi, sai ya rubuta masa cewa wane ya yi mini aiki shekara kaza, mai amana ne. Da ita zai nemi aiki a gaba. Mai Lofe saura 'yan watanni ya koma ƙasarsu gaba ɗaya, kamar sauran Turawa da yawa. Arzika ya yi musu shekara goma sha ɗaya, ga mata ga 'ya'ya shida, kuma Uwargida ta rantse ba takarda. Kukun da aka kora da sunan guba kuwa, ko ruwan zafi ba mai barin ya dafa masa.

Ya ce, "Ni da nike cin abincinta, ni za ni ba ta guba?"

Na ce, "Wane abincinta?"

Ya ɗan ji kunya, ya sosa ƙeya. "Ƙulin mana. Ai naman halal na. Naka dai ba a iya cin shi, kamar tauna kara. Amma wanga na ƙarshe, Allah ya yi ma hannunka albarka, biyar-biyar nike ci. Ita ma yanzu ba ta karɓar komi sai shi. Uwargida da hannunta taka ba ta."

Ƙulina ba ya daɗi a bakin mutum, ban taɓa yin wanda ya yi daɗi ba. Na ɗauko littafi na duba. Gida tara, karnuka da kyanwoyi goma sha ɗaya, duk lafiya lau sai guda ɗaya, kuma ita kaɗai ta ci haɗin da ba hannuna ya yi ba. Na shiga cikin gida na shinshina turmina. Ko ba a faɗa ba.

Na sami Kawu yana dama labu, wato kwaɓin tunkuza da ake tsoma kilishi a ciki. Na durƙusa na tambaye shi abin da ya sa.

Ya ce, "Gyara maka shi na yi. Busassar albasa, ƙwarya guda, wadda nike ɓoyo don kilishin manya. Da 'yat tafarnuwa. Ban sa barkono ba, na san Turawa ba su son yaji."

Har a lokacin ban tabbata ba. Albasa dai kowa na ci, ni ma na ci da safe. Ta yaya abin da ke gyara miya zai kwantar da dabba? Na koma zaure na tambayi Arzika ko ya taɓa jin albasa ta cuci wani abu mai rai. Ya yi tsaki, ya ce albasa kuma? Can sai ya ɗago kai.

"Tsaya. Muna yara, can hwadamarmu, in an gama cirar albasa akan zubar da ruɓaɓɓu bakin gona. Wata shekara shanun wani Bahillace sunka afka masu. Bayan kwana kaɗan hitsarinsu ya koma ja. Biyu sunka mutu. Tsohona da kainai ya riƙa binne ruɓaɓɓun tun daga ran nan."

Muka dubi juna. Shi ya san na shanu tun yana yaro, bai taɓa kawo shi kan kare ba. Ni ina da littafi, ban san na shanu ba.

Saura faɗa wa Uwargida, kuma nan ne wuyar take. Kusan rabin naman da Kawu ke sayarwa Bariki yake zuwa. In aka ji daga gidansa ciwon ya fito, kukuna za su watse. Na gaya masa duk abin da muka gano. Ya ci gaba da juya labu.

"Albasata ba ta taɓa kashe kowa ba."

"Kawu, yanzu haka ana ba ta shi. Kuma Arzika ba shi da takarda."

"Kai za ka gaya ma Baturiya? Kai da ba ka iya gaya ma mai saye kuɗin tsire?"

Na ce zan rubuta in karanta. Ya dube ni, ya dubi zauren da Arzika ke zaune. Sai ya wanke hannu, ya shiga ɗaka, ya fito da babbar rigarsa ta zuwa Idi.

"Tashi mu tahi. Ba a aika yaro ya ɗauko laihin babba."

Da la'asar muka isa. Boyin gidan ya ce ba a son ganin Arzika, sai ya tsaya bakin shinge. Uwargida ta fito ƙofar kicin, idanunta sun kumbura, da gwangwanin ƙulin a hannunta. Takardar da na rubuta tana aljihuna, amma Kawu bai ba ni damar ciro ta ba.

Ya ce, "Gaya mata ni Nomau ni na yi wanga da hannuna. Kukunta bai san komi ba."

Na faɗa da Turancin makaranta, ina kallon ƙasa.

"Gaya mata albasa na sa. Kuma gaya mata ba don raini ba. Irin wadda nike sa ma manyan gari ta."

Na faɗi wannan ma, ban rage ba. Sai na buɗe littafina na miƙa mata, na nuna mata gidaje tara da ranakun, na ba ta labarin shanun Wamakko. Ta karanta shafin, ta juya baya, ta sake juyawa. Ta tarar da sunan Sandi tun daga ranar farko, da abin da ta ci, da ranar da ta yi zawo shekara biyu da suka wuce. Ta tambaye ni wa ya sa ni rubuta wannan. Na ce ba kowa. Ta ajiye gwangwanin a ƙasa, ta tura shi da ƙafa, ta aika a kira likitan dabbobi.

Muna tsaye ya zo. Ya karya ƙuli guda ya shinshina. Ya ce ya taɓa karanta haka, albasa tana lalata jinin kare da kyanwa, busassa ta fi ɗanya ƙarfi, kuma ba ta nunawa sai bayan kwanaki, shi ya sa ba a zarginta. Bai kawo ta a ransa ba don bai san akwai mai sa wa kare albasa ba.

Kawu ya ce, "Mi ya ce?" Na fassara masa. Ya gyara rigarsa ya ce, "To ashe jinin nata na ba ƙwarai ba."

Wannan kaɗai ne ban fassara ba.

Aka daina ba ta, aka koma hanta zalla da ruwa. Sandi ta yi mako uku kafin ta hau matakala. Arzika kuwa ya koma aiki tun washegarin zuwanmu. Uwargida ba ta ba shi haƙuri da baki ba, amma ran da za su tafi Mai Lofe ya rubuta masa takarda shafi biyu, ita ma ta sa hannu a ƙasa, abin da ba a saba yi ba.

Mu kuwa muka shiga mummunar shekara. Labari ya zaga Bariki kafin mu iso gida. Gida tara suka koma biyu, na Sandi da na Kwara mai kyanwa. Kukuna huɗu suka bar sayen naman Kawu. A mahauta ana ganinsa sai a ce, "Sarkin albasa, yau wa za a gyara ma?" Da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, gari na ta murna, ni ina tsaye gaban asabari biyu babu komai a kansu, don masu karnukan ma sun tafi. Daminar da ta biyo baya ta zo da ruwa mai yawa, ɗan abin da na yi ya ƙi bushewa. Sai da na koma yi wa masu tattabaru haɗin gero da kanwa, da masu aku dunƙulen gyaɗa, ina koyon kowace dabba daga farko, ina tambayar masu ita abin da ke cutar da ita kafin in tambayi abin da take so. A hankali sababbin ma'aikata suka cika gidajen Bariki, wasunsu da karnukan gadi, sana'a ta dawo. Na yi ta shekara arba'in tare da aikin koyarwa.

Takardar nan ta samar wa Arzika aiki a wani gidan saukar baƙi, ya yi ta dahuwa har ƙarfinsa ya ƙare. Ya sa baduku ya ɗinka mata jaka kamar laya. Bai iya karatun boko ba, don haka duk Juma'a bayan an sauko sai ya biyo gidanmu ya ce, "Malam Ladan, karanta man wurin amanan nan." In karanta, ya gyaɗa kai, ya mai da ita jaka.

Ba takardar kaɗai ke kawo shi ba. Kawu har ya bar duniya bai yarda albasarsa ta yi laifi ba. Abin da ya yi shi ne, ya je wurin masassaƙi ya sayo sabon turmi, ya dire shi gabana, ya ce, "Ga naka na marasa baki. Kada in ga ka taɓa nawa." Tsohon turmin kuma duk Alhamis sai ya daka huhu da hanta da gero a ciki, ya zuba albasa son ransa, ya gasa, ya ajiye wa Arzika. Su zauna a zaure suna ci, Kawu na cewa, "Ga shi, shekara nawa kana ci, hitsarinka ya yi ja?"

Hadiza, sabon turmin nan yana ɗakin ajiya, bayan buhunan gero. Ya tsage a gefe amma yana aiki, kuma albasa ba ta taɓa shiga cikinsa ba. In kun zo da littafi da alƙalami, ku ɗauka. Kayan ƙamshin kuwa ku kawo mini nan zaure, ni zan ci.